Halittun teku masu barci a cikin laka: tambayoyi da amsoshi

Waɗanne halittu ne waɗannan?

Masana na kiransu dinofilajelat. Kowace ɗaya ƙwayar halitta guda ce tak, ido ba ya ganinta sai da madubin ɗakin bincike, tana iyo da wasu zare biyu. Akwai iri wajen 2,000, galibi a teku, kaɗan a ruwan daɗi. Ƙananan dabbobin ruwa na cin su, kifi kuma ya ci waɗannan.

Me ake nufi da barcinsu?

Duk wanda ya taɓa haƙo gaiwa a busasshen tabo da rani, a gefen Gulbin Maradi ko tabkin Madarunfa, ya gane rabin zancen. In abinci ya ƙare a ruwa, ko sanyi ya shigo, ƙwayoyi biyu sai su haɗe su zama ɗaya, ta yar da zarenta, ta yi wa kanta ɓawo mai tauri, ta nutse ƙasa. Ba duka ke yin haka ba, ƙalilan ne daga cikin irin. Abin da ya fi burge ni shi ne akwai wa'adin da dole ta cika, kwanaki ko watanni, wanda ko yanayi ya gyaru ba za ta tashi ba. Bayan nan ma sai ta samu iskar oksijin da ɗumin da ya dace. Wadda laka ta binne sosai sai ta ci gaba da jira.

Har tsawon wane lokaci?

A wani mashigin teku na ƙasar Suwidin an farfaɗo da waɗanda suka yi kusan shekara 100 a laka. A 2025 kuma aka ba da rahoton farfaɗo da wata ƙwayar daban, dangin dayatom (wasu ƙananan tsirran ruwa masu ƙwaya ɗaya), daga ƙasan tekun Baltik bayan kusan shekara 7,000.

Ina illar?

In suka tashi lokaci guda suka hayayyafa, ruwa kan rine ja, wasu irin kuma da dafi. Dabbobin teku masu ɓawo su tace su, mutum ya ci, jiki ya shanye har numfashi ya tsaya. A Gwatamala a 1987 mutum 26 suka rasu ta haka. Manyan jiragen ruwa ma na kwasarsu cikin ruwan da suke ɗiba don daidaita nauyi, su zubar a wata nahiya. Shi ya sa aka yi yarjejeniyar duniya kan wannan ruwa a 2004, ta fara aiki a 2017.

Mu da ba mu da teku, ina ruwanmu?

Miliyoyin shekaru da suka wuce teku ya taɓa rufe wani sashen Nijar. Ɓawon da dinofilajelat ke barci a ciki ba ya saurin ruɓewa, yana zama cikin dutse, masu neman man fetur kuwa da irinsa suke gane shekarun dutsen da suka haƙo.