Bikin Kwarin Baliyem

Bikin Kwarin Baliyem taron al'adu ne da ake yi duk shekara a watan Agusta a gundumar Jayawijaya, cikin tsaunukan Papuwa da ke gabashin Indunusiya. An fara shi a 1989, kuma yawanci kwana uku ake yi. Ƙabilun Dani, Lani da Yali ne ke ɗauke da nauyin wasannin. An fi yin taron a filin Wosilimo, arewa da garin Wamena, wanda tun 2022 ya zama babban birnin sabon lardin Papuwa ta Tsaunuka.

Kwarin yana da tsayin kusan mita 1,600 daga gaɓar teku, shi ya sa rana ke da zafi, dare kuma da sanyi mai shiga ƙashi. Mutanen waje ba su san da yawan jama'ar da ke cikinsa ba sai a 1938, lokacin da Ba'amurke Richard Archbold ya hango gonakinsu daga jirgin sama. Masu wa'azin Kirista sun sauka a 1954, sannan gwamnatin mulkin mallaka ta Holan, da ta Indunusiya bayanta, suka hana yaƙin ƙabilanci. Bikin ya ɗauki wannan yaƙi da aka hana ya mayar da shi wasan kallo.

Wasan yaƙin ba a fara shi kai tsaye. Sai an nuna sanadi tukuna: an sace alade, ko an ɗauke mace, ko an kai hari kan sabuwar gona. Mai tsaro yana kan hasumiyar itace da ake kira kayo, ya hango abokan gaba ya yi kururuwa, mayaƙa su fito da kwari da baka da dogayen masu. Ɓangarorin biyu su yi ta kai farmaki suna ja da baya, har a yi sulhu, a rufe da rawa. Ba a harbin kowa da gaske. Maza kan shafa kitsen alade da aka gauraya da kunkunniya, su zana jiki da farin yumɓu, su soka hauren alade a hanci, su ɗaura gashin tsuntsaye a ka. Suturar ƙasansu ita ce koteka, busasshen duma mai tsawo kamar zunguru. Daga siffarta ake gane mutum: ta Dani siririya ce, ta Lani ta fi kauri, Yali kuwa sukan naɗa zobban igiyar daji da yawa a kugu. Mata suna rataya noken daga goshi zuwa baya, jakar saƙa ce da ake ɗaukar dankali da jariri har da ɗan alade a ciki. Hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa noken cikin al'adun da ke buƙatar kariya ta gaggawa a 2012.

Yaƙin ne ke jan masu kyamara, amma abin da ya fi rai a bikin shi ne gashin dutse, wato bakar batu da harshen Indunusiya, domin shi har yau ana yin sa a ƙauyuka wajen aure, makoki da sulhu. Ana jera itace da duwatsu hawa-hawa, a cinna wuta har itacen ya cinye, duwatsun su yi jajir. A gefe an haƙa rami an shimfiɗe shi da ɗanyar ciyawa. Maza su ɗauko duwatsun da sanda mai tsagaggen baki su jera a ƙasan ramin, a rufe da ganye, a zuba dankali. Sai wani jerin duwatsu, ganyen dankali da sauran ganyaye, nama a sama, a ƙara duwatsu, a naɗe ciyawar a ɗaure tam. Tururin ganyen ne ke dafa abincin cikin awa ɗaya zuwa biyu. Dutsen da ya sha ruwa yana iya fashewa a wuta ya ji wa mutane ciwo. In duwatsun ba su yi zafi sosai ba, ko an bar kafar da tururi ke fita, dankalin da ke tsakiya zai fito da gafi, naman kuma bai nuna ba. Musulmin Dani na yankin Walesi suna yin nasu da kaji maimakon alade.

Akwai kuma tseren 'ya'yan aladu, inda dabbar ke bin uwar ɗakinta a guje, da gasar harbi da jifan mashi, da kiɗan pikon, ɗan siririn itace da ake karawa a baki a riƙa fizgar zarensa.

Baƙi galibi ta jirgin sama suke shiga Wamena daga Jayapura, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Kusan duk kayan masarufi ta sama suke zuwa, don haka komai da tsada, ɗakunan kwana kuma kan cika tun kafin Agusta. A filin biki ɗaukar hoto ba laifi, amma a cikin ƙauye sai an nemi izini, kuma sau da yawa wanda aka ɗauki hotonsa yakan sa ran a ba shi ɗan wani abu.