Toka, hayaƙi da lambu: me dokar ta hana a zahiri?

Tun shigowar hunturu ake ta yaɗa magana tsakanin 'yan lambun bakin kogin Dilimi da kasuwar Farin Gada a Jos, wai gwamnati ta haramta zuba toka a gona, wanda aka kama kuma sai ɗauri. Ba haka zancen yake ba.

Dokar da ake nufi ba sabuwa ba ce. Tun 2011 hukumar NESREA, mai kula da bin dokokin muhalli a Najeriya, ta fitar da ƙa'idojin hana ƙona daji da ƙona shara a fili, kuma a kan kunna wuta suke magana. Tokar murhun da ka tara ka zuba wa kabejinka ba ta ciki. Wanda dokar ta shafa shi ne mafarauci mai cinna wa daji wuta, da mai ƙona gona ko bola ba tare da izini ba, da kamfani.

Wajen hukunci aka fi rikita mutane. Tarar mutum ɗaya ba ta wuce naira 50,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata 3 ba, ko duka biyun, sai ƙarin naira 5,000 a kowace ranar da laifin ya ci gaba. Wannan shi ne iyaka, ba wai kowa zai biya haka ba. Naira miliyan 1 da ake tsoratar da mutane da ita ta kamfani ce. Kuma kotu ce ke yanke hukunci bayan ta tabbatar da laifi, don haka wanda ya tare ka a bakin lambu yana neman "tara" a hannu, ba dokar yake bi ba.

Ɗan lambu ya fi kowa cutuwa da hayaƙin wannan ƙone-ƙonen. Baƙin hayaƙi yakan kwanta a ganyen latas da tumatir, ya toshe ƙananan ƙofofin da tsiro ke shaƙar iska, ya tare hasken rana, girma ya ragu. Tokar bolar da aka ƙona da leda da batir kuwa takan ɗauko dalma da ire-irenta, su shiga ƙasa, ganye ya zuƙe, mu saya mu ci ɗanye a kwaɗo.

Sai dai, a ganina, akwai takura. Tsadar takin zamani ce ta tura manoman Jos ga tokar bola, kuma neman takardar izini ba abu ne mai sauƙi ga mai ɗan fegi ɗaya ba. In za a matsa, a fara da masu ƙona tayoyi a tsakiyar gari.