Ƙaramin ɗaki ya yi fili: ga amsoshin tambayoyin da kuka ƙi daina yi min

Tambayoyi iri ɗaya ne ke ta dawowa kan yadda mutum zai gyara ƙaramin gida ya daina matse shi, wasu na amsa su har bakina ya gaji, to na tattara su a nan, dan Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Me zan saya ɗakina ya yi kamar yana da girma?

Kar ka sayi komai tukuna. Wannan tambayar ce ta fi ɓata min rai, saboda duk mai yin ta ɗakinsa ya riga ya cika ne da kaya, kuma yana neman ƙarin kaya su zo su yi maganin cikar. Fara fitarwa. Kujerar da babu mai zama kanta sai tulin tufafi, kwalayen da ka ajiye wai ko wata rana, takalman da suka yi maka kaɗan, tsohuwar fankar da ta daina juyawa, duk su tafi. Ido yana auna girman ɗaki ne da yawan ƙasan da yake iya gani da kuma hasken da ke yawo a ciki. Idan ƙasa ta rufe, ko wane irin ado ka kawo ɗakin a matse zai zauna.

Wace kalar fenti ta fi?

Mai haske. Fari, ruwan madara, ruwan toka mai haske sosai. Bango mai haske yana mayar da hasken da ya faɗo kansa, mai duhu shanyewa yake. Kamfanonin fenti da yawa suna rubuta wata lamba a katin kala da ake ce wa LRV, daga 0 zuwa 100, tana nuna yawan hasken da kalar ke mayarwa, ka nemi mai 70 zuwa sama. Silin ya zama kala ɗaya da bango ko ya fi shi haske.

Ni fa fari ba ya burge ni, ina son kala mai ƙarfi.

To sa ta a filo, ko kafet, ko hoto guda a bango. Ba sai ka shafe bango huɗu da ita ba.

Da gaske madubi yana ƙara wa ɗaki girma?

Da gaske ne, amma sai an sa shi inda ya dace. Madubi abin da ke gabansa yake ninkawa. Ka sa shi yana kallon taga, ko a bangon da ke gefen tagar, ya ninka maka haske. Ka sa shi yana kallon kwandon wanki, ya ninka maka wanki. Dabarar tsohuwa ce, a fadar Basai da ke Faransa akwai zauren da aka kammala a 1684, an jera madubai 357 cikin bakuna 17 (wato gurabe masu lanƙwasar sama a jikin bango), kowane baka yana fuskantar taga ɗaya daga cikin tagogi 17. Kai ba ka buƙatar wannan, babba ɗaya ya ishe ka, kuma babba ɗaya ya fi ƙananan nan guda shida da ake liƙawa a bango suna wargaza ido.

Labule fa?

Yawancinku a bakin firam ɗin taga kuke kafa ƙarfen labule, kuma daidai faɗin tagar, shi ya sa ko an buɗe labulen yana cinye rabin hasken. Ɗaga ƙarfen sama, aƙalla santimita 10 zuwa 15 a kan firam, in da hali ma kusa da silin, sannan ya zarce tagar da santimita 15 zuwa 25 ta kowane gefe, yadda in ka ja labulen zai kwanta kan bango ya bar gilashin duka a buɗe. Tsawonsa ya kai ƙasa. Labulen da ya tsaya a tsakiyar bango yana yanke tsayin ɗakin biyu. Yadin ya zama marar nauyi, kalarsa kusa da ta bango.

Na ga wani saitin kujeru na burge ni, in ɗauka?

Ka auna ɗakinka? Na san ba ka auna ba. A wurin sayarwa komai ƙarami ake ganinsa saboda wurin yana da faɗi da tsayi, sai an kawo gida a ga kujerar ta toshe ƙofa. Ɗauki tef na awo, rubuta tsawo da faɗin ɗakin, da faɗin ƙofar da kayan za su bi su shiga, sannan ka zana girman kujerar a ƙasa da salatif ko ka shimfiɗa tsofaffin jaridu daidai girmanta, ka kwana biyu kana wucewa ta wurin ka ji yadda yake. Hanyar wucewa tana son santimita 75 zuwa 90, in an matsa sosai 60. Tsakanin kujera da teburin tsakiya kamar 40 zuwa 45. Kuma ka zaɓi mai ƙafafu da ake ganin ƙasa ta ƙarƙashinta, mai siraran hannaye. Cikakken saiti ba dole ba ne wallahi, doguwar kujera ɗaya da ƙarama ɗaya sun isa ƙaramin falo.

Ɗaki ɗaya gare ni, nan nake kwana nan nake karɓar baƙi, kuma haya nake, mai gida ya hana huda bango. In raba ɗakin biyu ko in bar shi haka?

Wannan ita ce tambaya mai wuya, kuma ba zan ba ka amsa guda ba, don ya danganta da abubuwan da ni ban gani ba. Abu na farko shi ne inda taga take. In taga ɗaya ce, duk abin da ka gitta a tsakiyar ɗakin zai bar ɓangare ɗaya cikin duhu da rashin iska, sai ka wayi gari da ƙananan ɗakuna biyu maimakon ɗaya mai ɗan dama. A irin wannan hali ni na fi karkata ga kar a raba da abu mai toshewa. In tagogi biyu ne a bango daban-daban, to za ka iya rabawa kowane ɓangare ya samu tasa, a nan ba ni da ja sosai.

Na biyu, lissafi. Ɗauki ɗaki mai mita 4 tsawo mita 4 faɗi, murabba'in mita 16 ke nan. Gadon mutum biyu mai faɗin mita 1.5 da tsawon mita 2 ya ci 3, ka ƙara wurin sauka daga gadon, da wurin buɗe ƙofar wadirob, da zagayen da ƙofar ɗakin ke yi in an buɗe ta, za ka ga kusan rabin ɗakin ya tafi kafin ka kawo kujera ko ɗaya. In ɗakinka bai kai haka ba, rabawa na iya zama wahala kawai, wataƙila gara kujerar da ake buɗewa ta zama gado da dare. Amma ita ma tana da nata, kullum sai ka buɗe ka naɗe, kuma katifar wasunsu siririya ce, mai ciwon baya ya gwada kwanciya a kai tukuna kafin ya biya kuɗi. Akwai kuma gadon da ake ɗagawa ya jingina da bango, wanda ake kira gadon Murphy da sunan mutumin da ya shahara da ƙera shi a San Faransisko ta Amurka a farkon ƙarni na 20, yana ba da fili sosai, sai dai yawancinsu dole a ɗaure su da bango ko ƙasa, kai kuma an hana ka huda, to sai ka yi magana da mai gida.

In dai sai ka raba, ga abin da ya fi yin aiki a ganina. Kantar jera kaya mai buɗaɗɗen baya, wadda haske ke ratsawa, tsayinta kar ya wuce ƙirji, kuma kar ka cika kowane gurbi. Ko labule marar nauyi a kan irin ƙarfen nan da ake matsawa tsakanin bango biyu ba tare da ƙusa ba, da rana ka ja shi gefe, da baƙi sun zo ka rufe, sai dai ƙarfen ba ya ɗaukar nauyi kuma in tazarar ta yi yawa lanƙwasawa yake a tsakiya. Ko kuma kar ka gitta komai, ka juya bayan kujera ga gado, ka shimfiɗa kafet a wurin zama kaɗai, ido da kansa zai gane nan falo can wurin kwana. Wannan na ƙarshen ba ya ɓoye gado, in kunyar a ga gadonka ce damuwarka ba zai gamsar da kai ba, sai labulen. Su kuma ƙugiyoyin da ake mannawa da gam, suna riƙe abu marar nauyi, amma wani fentin tare suke ɓallowa ranar cirewa, gwada ɗaya a bayan ƙofa kafin ka cika bango da su.

Ina zan kai kayan da ba zan iya zubarwa ba?

Sama da ƙarƙashi. Wadirob dogo siriri da ya kusa kai silin ya fi gajere mai faɗi, ƙarƙashin gado kuma ya ɗauki akwatunan da ba kullum ake buɗewa ba. Abu mai murfi ko ƙofa ya fi wanda ke nuna komai a fili.

Amma ku saurare ni da kyau a nan, musamman masu yara. Dogon abu yana kifewa in yaro ya ja durowa ya taka. A 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye durowoyi kusan miliyan 29 a Amurka bayan sun faɗo wa yara har wasu suka mutu. In akwai yaro a gidan, a ɗaure wadirob da bango, ko da sai an roƙi mai gida an yi alkawarin toshe ramin ranar tashi. Kaya masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama. Ban yarda a yi sakaci da wannan don ado ba.

Ƙaramin ɗaki ai ƙaramin kafet ko?

A'a. Ƙarami yana sa wurin ya ƙara tsukewa. Nemi wanda ƙafafun gaban kujeru za su hau kansa, ko ka bar ƙasan haka.

Fitila ɗaya a silin ba ta isa ba?

Tana haska tsakiya ta bar kusurwoyi da duhu, kusurwa mai duhu kuma tana jawo bango kusa. Ƙara ɗaya ko biyu a lungu, irin mai tsayawa a ƙasa ko ta kan tebur. Duba kwalin ƙwan fitilar, lambar da ke da K a ƙarshe ita ke nuna launin hasken, 2700K zuwa 3000K haske ne mai ɗan ja-ja na hutawa, 4000K ya fi fari, 6500K fari ne fat mai ɗan shuɗi. Ko wanne ka zaɓa kar ka haɗa iri biyu a ɗaki ɗaya.

Na yi duk wannan amma har yanzu ina jin kunyar mutane su zo.

Haba dai, kwantar da hankalinka. Wanda ya zo wurinka ba tef ya zo da shi ba. In ya samu wurin zama, iska na shiga, bai yi tuntuɓe da komai ba, ka gama naka. Kuma ba dole ka gyara komai a wata ɗaya ba, wannan makon fitar da tarkace, wani makon ɗaga labule, a hankali.

Hotuna nawa zan rataya?

Babba ɗaya, tsakiyarsa kamar santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa. Bar aƙalla bango ɗaya babu komai a jikinsa.