Farin Sama a Tsoffin Hotunan Layin Dogo Ba Alamar Hunturu Ba Ne

Mutane da dama idan suka ga hotunan da Alfred Hart ya ɗauka na aikin shimfiɗa layin dogo na Central Pacific a tsaunukan Sierra Nevada na Amurka, a shekarun 1860, sukan ɗauka cewa farin saman da ke cikinsu shaida ce ta hazo ko saukar dusar ƙanƙara. Ba haka abin yake ba, domin hotunan da aka ɗauka da rana tsaka a lokacin zafi ma haka samansu yake fari fat.

Dalilin yana cikin sinadarin kolodiyon, wanda Frederick Scott Archer ya fito da hanyar amfani da shi wajen ɗaukar hoto a kan gilashi a 1851. Gilashin da aka shafa wa sinadarin yana saurin kama shuɗin haske, saboda haka kafin duwatsu da itatuwa su fito sosai, sama ta riga ta yi fari fat saboda yawan haske, gajimare ya ɓace. Shi ya sa wasu, irin su Gustave Le Gray na Faransa, suke ɗaukar gajimare a gilashi dabam su haɗa.

Hunturun kuwa gaskiya ne, har sai da kamfanin ya gina rumfunan katako na kusan kilomita 60 a kan layin don kare shi daga dusar ƙanƙara. Amma ɗaukar hunturun a hoto wahala ce babba, tun da dole a wanke gilashin yana jiƙe cikin 'yan mintuna, ga shi ruwan sinadarin na iya daskarewa a hannun mai hoto. Dusar da ke zuba kuma da wuya ta bayyana, saboda kyamarar tana daɗewa a buɗe.