Me ake nufi da "bitar kotu" a shari'ar mai neman mafaka?

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wani maƙwabcina mai shagon atamfa a Kantin Kwari ya miƙo mini wayarsa. "Malam, duba mini saƙon nan. Ƙanena na Amurka ya ce an hana shi mafaka, amma lauyansa ya kai maganar kotu ta yi bita. Wato za a sake shari'a tun daga farko ke nan?" Na ce a'a Alhaji, da sauran bayani.

Mafaka kariya ce da ƙasa ke ba baƙon da ke tsoron za a gallaza masa idan aka mayar da shi gida. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta ƙayyade dalilai biyar: launin fata ko ƙabila, addini, ƙasar asali, ra'ayin siyasa, da kasancewa cikin wani rukuni na jama'a. Talauci da rashin aiki ba sa ciki, komai tsananinsu.

A Amurka, wanda ake shirin tasa ƙeyarsa yakan fara gurfana ne gaban alƙalin shige da fice, wanda ma'aikacin Ma'aikatar Shari'a ne. Idan alƙalin ya hana shi mafaka, sai ya je hukumar ɗaukaka ƙara, ita ma a ƙarƙashin ma'aikatar take. Sai an gama da waɗannan ne zai iya zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, cikin kwana 30 da yanke hukunci. Abin da wannan kotu ke yi shi ake kira bita.

A nan ba a kiran shaida, ba a karɓar sabuwar takarda. Alƙalai fayil ɗin da aka riga aka tara kawai suke karantawa. Idan kuskuren fassara doka aka yi, suna da hurumin gyarawa. Amma a kan abin da ya faru ko bai faru ba, hannunsu a ɗaure yake. Abin da alƙalin farko ya tabbatar yana nan daram, sai idan hujjar ta kai matsayin da duk alƙali mai hankali dole ya ga akasinsa. A ce mutum ya rubuta a fom cewa an ƙona gidansu cikin azumi, a gaban alƙali kuma ya ce bayan sallah ne. Tun daga 2005 doka ta yarda a ƙi gaskata mutum saboda irin wannan tuntuɓen harshe, ko da bai shafi zuciyar maganar ba. A ganina wannan ya yi tsauri ga wanda ke magana ta bakin tafinta, amma haka dokar take.

Shigar da takardar bita kuma ba ya hana a ɗora mutum a jirgi. Sai lauya ya shigar da wani roƙo daban a gaban kotun don ta dakatar da korar. Ko an yi nasara ma, yawanci mayar da fayil ake yi ga hukumar ta sake dubawa.

Alhaji ya yi shiru, sannan ya tambaya wa ke biyan lauyan. Na ce gwamnatin can ba ta biya a irin wannan shari'a. Ya karɓi wayarsa, ya kira wani ɗan canji a Wapa yana tambayar farashin dala.