Waiwaye: A ina kasuwar fim ɗin Hausa ta karye?

Duk sa'ad da aka tayar da zancen halin da Kannywood ke ciki, YouTube da TikTok ake ɗora wa laifi. Masu kallo na kukan an mayar da kowane labari mai dogon zango, ana ta jan sa ba ranar ƙarewa. Furodusoshi kuma sun ce ko uwar kuɗi ba ta dawowa. Duka kukan nan gaskiya ne, sai dai kasuwar ta riga ta durƙushe tun kafin data ta wadata a hannun talaka.

Farkon labarin sananne ne. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset a Kano, kafin shekarun 1990 su ƙare harkar ta zama sana'ar dubban mutane, daga baya faifan CD ya ture kaset. Furodusa ya gama aiki ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai ko Bata, dillalai su kwasa zuwa Kaduna, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram. Akwai satar fasaha tun lokacin, amma mai satar ma sai ya sayi faifai ya buga, ya yi dakonsa.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne ɗan shagon cajin waya. A farkon shekarun 2010 ƙananan wayoyin China masu cin memori suka cika gari da ƙauye. Mai caji, da janaretansa da jerin soket a kan katako, sai ya ƙaro tsohuwar kwamfuta. Yaro ya miƙa memori ya ce, “Oga, a zuba min sababbi.” Kafin ya shanye ruwan leda an loda masa finafinai uku ko huɗu da 'yan canjin da ba su kai kuɗin faifai ɗaya ba. Ya koma unguwa ya tura wa abokai ta Bluetooth, daga baya ta Xender, kyauta. Faifai guda ya ishi gari sukutum, kuma ko sisi ba ta komawa ga wanda ya biya jarumai da mai kyamara. Ga finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa sun shigo cikin memorin nan, suna gogayya da na gida a farashi ɗaya.

Ni ban ga laifin samarin nan ba, neman abinci suke, kuma sun kai fim inda ɗan kasuwa bai taɓa kaiwa ba. Matsalar ita ce masu kallo sun koma waya, masana'antar kuwa ba ta da hanyar sayar musu da komai a cikinta. A shekarun nan ne mutane suka saba da biyan kuɗin turi maimakon kuɗin fim, suka kuma saba da kallo su kaɗai, da abin ji a kunne, ba a tsakar gida da iyali ba. An yi yunƙurin shigo da masu turin cikin tsari, amma a lokacin shagunan faifai sun fara komawa sayar da caja da murfin waya.

Abin da ya biyo baya neman mafita ne. Arewa24 ta buɗe a 2014, ta saba wa jama'a da shiri mai zuwa mako-mako. Wasu suka gwada silima. A 2020, shekarar kullen korona, shirin Izzar So mai dogon zango ya nuna cewa YouTube na iya riƙe mai shirya fim, sai kowa ya nufi can. To, YouTube da talla yake biya, kuma tallan da ake nuna wa mai kallo a Najeriya ko Nijar bai kai darajar na Turai ko Amurka ba. Dole mai fim ya nemi yawan kallo da yawan fitowa, ya tsawaita labari, ya cusa tallan filaye da na magani a tsakiya, ya ɗauko wadda ta tara mabiya a TikTok ko da ba ta goge a wasan kwaikwayo ba.