Shayin dare da maganar barci

A fadodin Maradi, wuraren da ake zaman shayi da hira, an daɗe ana cewa shayi yana sake jiki, har wani ya ce in bai kurɓa da dare ba barci ba zai zo ba. Wannan magana tana damuna, don ganyen shayi yana ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke cikin goro da kofi, kuma aikinsa farkar da mutum ne.

Tun safe wani sinadari, adenosin, yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne ke sa ido ya yi nauyi da yamma. Kafeyin sai ya tare masa gurbi. Gajiyar tana nan, ɓoye ta aka yi. Kuma bayan kamar awa 5, rabin abin da ka sha yana cikin jininka. Mu da ke zuba ganye da yawa a ƙaramar buta, mu bar shi ya daɗe yana tafasa a kan gawayi, na farkon nan mai ɗaci ba ƙaramin ƙarfi gare shi ba.

To daga ina natsuwar take zuwa? Shayi yana da tiyanin, wanda ke ɗan kwantar da hankali, wannan gaskiya ne. Amma ni ina ganin zaman da hirar sun fi yin aikin. Wanda ya saba kuwa, rashin shan ne ke sa masa ciwon kai, in ya sha ya lafa sai ya ce hutu ne.

Mai fama da rashin barci ya tsayar da shayi daga la'asar, da dare ya dafa citta da na'a-na'a ba tare da ganyen shayin ba.